Laimar da Ta Yage

Kwana huɗu da mutuwar mijinta aka aiko sojoji biyu suka ɗauke ta daga cikin masu zaman makoki. Ba su bari ta sake kaya ba, ba su kuma ce mata ga dalili ba. Suka bi da ita ta gaban rumfunan jirage, suka shigar da ita ɗakin da ta shekara biyar tana aiki a cikinsa, wato ɗakin naɗin laimar sauka, irin wadda sojan sama ke goyawa a baya don ya diro da ita in jirgi ya kama wuta. Dogayen teburan nan shida suna nan yadda ta bar su, amma babu ko ɗaya daga cikin abokan aikinta. A kan tebur na uku, wanda yake nata, an shimfiɗa wata laima da ta yage daga tsakiya har baki, igiyoyinta a cukurkuɗe, ƙasa da busasshen jini sun ɓata gefe guda. Hafsoshi uku na zaune a ƙarshen teburin. A bayansu wan mijinta ne a tsaye, wanda kowa ke kira Saje, shi ne kuma shugaban ɗakin naɗin.

Babban hafsan ya turo mata wani ɗan kati, ya ce, "Lambar wa ce wannan?"

"Tawa ce, ranka ya daɗe."

"Sa hannun fa?"

"Nawa ne."

"To a aljihun laimar da mijinki ya diro da ita aka sami wannan kati."

Mijinta, Kyaftin, matuƙin jirgin yaƙi ne mai jefa bama-bamai. Su biyar ne a jirgin. A hanyarsu ta dawowa aka harbe su, injin dama ya kama da wuta, shi kuma ya riƙe jirgin bai bari ya kife ba har mutanensa huɗu suka diro ɗaya bayan ɗaya, duka suka sauka lafiya. Shi ne ya fito a ƙarshe. Waɗanda ke ƙasa sun ga laimarsa ta buɗe, suka kuma ga ta rabe biyu kamar an sa mata almakashi. Ita dai ba ta san wannan ba sai a ɗakin nan, domin abin da aka faɗa mata a gida shi ne ya rasu a bakin aiki.

Ta miƙa hannu za ta taɓa yadin, aka ce ta ja baya, shaida ce. Ta ce a bar ta ta duba ɗinkin da igiyoyin ko na minti ɗaya ne, hafsan ya dubi agogo ya ce yaƙi ake yi, jirage goma sha biyu na jiran tashi, ba shi da ranar ɓatawa. Sai ya juya ya tambayi Saje ko yana da abin cewa.

Saje ya share ido da bayan hannu, ya ce, "Ranka ya daɗe, matar ƙanena ce, uwar 'yarmu ce, bakina ya yi nauyi... Amma ranar da ta naɗe laimar nan hankalinta ba ya jikinta. Da safen sun yi faɗa da marigayi, har waje ana jin su. Shi kansa ya sha faɗa a gaban mutane cewa ransa a hannunta yake."

Gaskiya ne sun yi faɗan. Wa'adinsa na tashi ya cika, an ba shi zaɓin komawa makarantar koyar da tuƙi, shi kuwa ya sake rubuta sunansa a wani zagayen, ita kuma ta yi kuka ta ce ya tuna yana da 'ya, ga wani cikin a jikinta. Gaskiya ne kuma yana faɗin waccan magana, amma da dariya yake faɗinta. Yakan leƙo ɗakin naɗi ya ce wa matan, "Duk sansanin nan ni ne na fi kowa ladabi ga matata, don ita ke naɗe min laima. Ko gishiri ya yi yawa a abinci, cewa nake bai kai ba." Matan su yi ta dariya. Yanzu maganar ce aka ɗauko aka wanke mata dariyar, aka ajiye a gaban hafsoshi.

"Yaya..." ta ce, tana duban Saje. "Kai ka koya min aikin nan. Ka taɓa kama ni da kuskure?"

Bai dube ta ba.

Zaman bai kai rabin awa ba. Aka rubuta sakaci, aka sallame ta daga aiki, aka ce darajar marigayi ce ta hana a kai ta kurkuku. Aka tattara laimar aka zuba a akwatin ƙarfe, aka buga masa hatimi.

Kafin ta iso gida labari ya riga ta. Surukarta, wadda suke kira Inna, tana zaune a bakin ƙofa da jikarta a cinya, yarinya 'yar shekara uku da kowa ke kira 'Yar Kyaftin. Tsohuwar ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi sauƙi. Cewa ta yi, "Na karɓe ki ba uwa ba uba, na ce marainiya ce, Allah zai ba ni lada. Ashe makashin ɗana na shigo da shi gida da hannuna. Ki ɗauki abin da yake naki ki tafi. Wannan kuwa jininmu ce."

Ta durƙusa ta kama ƙafar tsohuwar tana kuka, tana rantsuwa da Allah cewa ta naɗe laimar yadda take naɗe kowace, ta ƙirga igiyoyin sau biyu, ta duba kowane ɗinki. Inna ta janye ƙafarta. Washegari Saje ya zo da takarda daga ofishin kula da iyalan sojoji, wadda ta ce riƙon yarinyar ya koma hannun dangin uba. Aka kuma ba ta kwana uku ta bar gidan gwamnati. Ranar da za ta fita, yarinyar ta biyo ta har bakin titi da takalmi ƙafa ɗaya, tana cewa, "Mama, ki jira ni." Saje ya sunkuce ta ya koma da ita ciki, ya rufe ƙofa.

Ta kama ɗaki a bayan tashar jirgin ƙasa, ɗakin da ba ya ɗaukar komai sai gado da risho. A mako na biyu cikin da ke jikinta ya zube, wata huɗu. Matar mai gidan ce ta kai ta asibiti a keken ɗaukar kaya. Da ta warke ta sami aiki a ɗakin wanki na asibitin, ta yi wata bakwai tana wanke zannuwan gado, har ranar da matar wani sojan sama ta zo dubiya ta gan ta tana shanya. Matar ta tsaya a tsakiyar fili ta nuna ta da yatsa ta ce, "Ku san wadda kuka ɗauka. Wannan ita ce mai laimar da ta kashe mijinta." Kafin azahar an sallame ta. Daga ranar sunan ya bi ta, duk inda ta shiga Mai Laima ake ce mata, har ta daina jin zafinsa ta fara amsawa.

Daga ƙarshe wani tsohon tela mai ɗinkin tamfol da rumfunan mota ya ɗauke ta. Ta faɗa masa labarinta tun kafin wani ya faɗa masa. Ya saurara yana zura zare, ya ce, "Ni ba alƙali ba ne, 'yata. Ga keke can, ɗinka min wannan gefen in gani." Ta ɗinka. Ya ja ɗinkin da hannu biyu har jijiyar wuyansa ta tashi, bai motsa ba. Ya ce, "Gobe ki zo da sassafe. In rumfata ta faɗo, iyakarta ta jiƙa buhun siminti."

Duk wata takan rubuta wa 'yarta wasiƙa, duk wata kuma wasiƙar takan dawo a rufe. Ta samu kwali tana tara su a ƙarƙashin gado.

Shekara uku bayan haka yaƙi ya ƙare. Aka gina dogon bango na baƙin dutse a filin da ke gaban sansanin, aka sassaƙa sunayen matuƙa da ma'aikatan jiragen da suka mutu, su ɗari biyu da goma sha huɗu. Aka sa ranar buɗewa, aka gayyaci iyalai. Ita ba a gayyace ta ba, amma ta wanke rigarta ta goge, ta sayi furanni, ta hau bas ta je. A bakin ƙofar filin ta tarar da Saje, ya bar soja, ya yi ƙiba, an kuma zaɓe shi shugaban ƙungiyar iyalan mamatan. Lambobin yabonsa na sheƙi a ƙirji.

"Yaya, sunansa kawai zan gani. Ba zan yi wa kowa magana ba. In ajiye wannan in tafi."

"Ba ki da kunya," in ji shi a hankali, don kada na kusa su ji. "Ki shiga ki tsaya kusa da uwarsa? So kike ki ƙarasa ta?" Ya yafito mai gadi ya ce masa, "Ka kalli fuskar nan da kyau. Bana, baɗi, ko yaushe, ba ta shiga nan."

Ta tsallaka titi ta tsaya a rumfar jiran bas. Daga nan ana jin lasifika. Aka busa ƙaho, aka yi shiru na minti biyu, sannan aka fara karanta sunaye ɗaya bayan ɗaya, kuma Saje ne mai karantawa. Da ya zo kan na ƙanensa ya tsaya yana share ido, mata suka fara shessheka saboda tausayinsa. Ita kuwa ta ajiye furanninta a kan bencin rumfar, ta yi wa mijinta addu'a, ta ce Allah ya ji ƙansa, ya raya mata 'yarta, ya bayyana gaskiya ko bayan ranta ne. Bas ya zo ta shiga.

Haka ta riƙa yi kowace shekara. Direbobin layin har sun san ta, in ranar ta zo ba sa tsaya mata sai an gama karatun sunaye.

A shekara ta tara da mutuwar Kyaftin, tana tsaye a rumfar bayan an tashi daga taro, sai ga wata yarinya cikin kayan makaranta ta tsallako titi ita kaɗai. Doguwa ce, kuma tafiyar ubanta take yi, kafaɗa ɗaya a ɗage. Mai Laima ta dafa ƙarfen rumfar. Yarinyar ta tsaya nesa da ita kaɗan.

"An ce ke ce."

"Ni ce, 'yata..."

"Kar ki ce min haka. Tambaya ɗaya zan yi miki. Me ya yi miki?"

"Bai yi min komai ba sai alheri. Wallahi ban..."

"Baffa Saje ya ce haka za ki ce." Hawaye na zubo wa yarinyar amma muryarta ba ta yi rawa ba. "Duk 'yan ajinmu da ubanninsu suka mutu, abokan gaba ne suka kashe su. Ni kaɗai ce uwata ta kashe nawa. Ki daina zuwa nan. Ki daina aiko da wasiƙa."

Ta juya ta koma. Mai Laima ta je gida ta kwanta, ta kwana shida ba ta fita ba, har tsohon telan ya biyo sawu da kwanon abinci. Ya zauna a bakin ƙofa ya ce, "Wanda aka shayar da ƙarya tun yana goye, ba a ranar farko yake amayar da ita ba. Tashi ki ci." Ta tashi ta ci. Ta daina aika wasiƙa, amma ba ta daina rubutawa ba, kwalin ne kawai ya ci gaba da cika. Rumfar bas kuwa ta canza, ta koma tsayawa a ta can gaba, inda lasifikar ke isa amma ba a hango mutum daga ƙofa.

Shekaru suka tafi. Tsohon telan ya rasu ya bar mata keken ɗinki da kwastomominsa. Idanunta suka raunana, ta fara sa tabarau. Gashinta ya yi fari tun ba ta kai hamsin ba.

A shekara ta goma sha bakwai aka yanke shawarar gina ɗakin tarihi kusa da bangon, inda za a ajiye kayan mamatan, huluna, taswirori, wasiƙu da hotuna. 'Yar Kyaftin, wadda a lokacin ta cika ashirin tana karatun tarihi, ta sa kanta cikin masu tantance kayan. Aka buɗe musu tsohon ɗakin ajiyar sansanin, a can ta ci karo da akwatin ƙarfe mai ɗauke da sunan ubanta. Shugabar aikin ta ce ta bari wani ya buɗe, ta ce a'a, so take ta ga abin da idonta. Ba don ƙauna take so ba, so take ta ƙara wa ƙiyayyarta itace.

Cikin masu taimaka musu akwai wata tsohuwa da ta shekara talatin tana duba laimomi a masana'antar da ke yin su, an ɗauko ta don ta riƙa faɗin shekarar kowane kaya. Da aka shimfiɗa laimar, tsohuwar ta murza yadin tsakanin yatsu biyu, sai ya ɓarke kamar takardar da ta sha rana. Ta yamutsa fuska, ta bi gefen da hannu har ta kai wani wuri da aka naɗe aka ɗinke da zare na dabam. Ta nemi reza ta farke. A ciki akwai jan hatimi da lamba.

"Wa ya ba mutum wannan ya hau sama da ita?" in ji ta.

'Yar Kyaftin ta ce, "An ce naɗin ne ba a yi daidai ba."

"Naɗi? 'Yar nan, ko mala'ika ne ya naɗe wannan sai ta yage. Kin ga jan hatimin nan? Ni nake buga shi. Ma'anarsa yadin ya mutu, a ƙone. Wannan tun shekara biyu kafin ranar da ke jikin katin aka yanke mata hukuncin wuta. Kuma katin ma ba nata ba ne, duba, lambar laimar da ke kansa dabam, ta jikin yadin dabam. An zare shi ne daga mai kyau aka sa a wannan."

Shugabar aikin ta sa aka nemo littafin ƙone kaya na waccan shekara. Aka sami lambar a ciki, an rubuta an ƙone ta tare da wasu arba'in, a ƙasa kuma ga sa hannun wanda ya shaida ƙonewar. 'Yar Kyaftin ta san sa hannun, domin shi ne a kan duk takardunta na makaranta tun daga aji ɗaya.

Aka buɗe sauran akwatunan da ke ɗakin. Shida daga cikin laimomin da ke ciki jan hatimin ne a ɓoye a gefensu.

Da hukumar soja ta kira Saje, ya fara da faɗa, ya koma rantsuwa, da aka ajiye masa littafin da laimomi bakwai a gaba sai ya zauna a ƙasa. Ya faɗi komai. A lokacin yaƙi yadin laima ya yi tsada a kasuwa, shi kuwa yana fitar da sababbi ta bayan shinge yana sayarwa, yana cike gurbinsu da waɗanda aka ce a ƙone, yana sauya musu kati. Yana ganin ai ba kowa ke buɗe laima ba, mafi yawa haka suke zuwa su dawo a goye. Bai san ɗaya za ta faɗa hannun ƙanensa ba. Da ta faɗa kuma, ya ce, ya rasa yadda zai dubi uwarsu, sai ya nemi wanda zai ɗora wa, kuma marainiya ba ta da mai tsaya mata.

Kotun soja ta ƙwace lambobinsa, ta yanke masa shekara ashirin. Ranar da za a tafi da shi ya roƙi a bar shi ya ga uwarsa. Inna, wadda ta kusa tamanin, ta aiko da amsa cewa 'ya'ya biyu ta haifa, ɗaya yana jikin bango, ɗayan kuma ba ta san inda ya shiga ba.

Da hantsi Inna da 'Yar Kyaftin suka zo shagon, Mai Laima na kan keke tana ɗinka rumfar wata motar kaya. Ta ɗaga kai ta ga budurwa riƙe da hannun tsohuwa mai sanda. Ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta riga ta ji labarin a rediyo kwana biyu da suka wuce, ta kashe rediyon ta ci gaba da ɗinki, don ba ta san abin da za ta yi da shi ba.

Inna ta saki sandar, ta durƙusa a kan tarkacen tamfol, gwiwoyinta na ƙara. Mai Laima ta yi sauri ta kama ta, tsohuwar ta ƙi tashi.

"Bar ni a nan. Nan ne wurina. Kin kama ƙafata kina rantsuwa na janye... Na raba ki da 'yarki, na sa ta tsane ki, na zauna ina cin abinci daga hannun wanda ya kashe ɗana ina sa masa albarka. Ki yafe min, ko kada ki yafe, duk wanda kika yi daidai ne."

Mai Laima ta dube ta. Sannan ta ce, "Inna, ke ma ɗa kika rasa, kuma ƙarya aka yi miki. Na yafe, duniya da lahira. Shekarun ne dai ban san inda zan samo su ba... Akwai wani kuma da ba ku sani ba, ina da ciki lokacin da na fita. Bai zauna ba."

Tsohuwar ta kifa fuska a tafin hannu ta yi kuka mai sauti. Budurwar na tsaye a bakin ƙofa, ta kasa shigowa ta kasa fita. Daga ƙarshe ta ce, "Ban san da wane baki zan yi miki magana ba, bayan abin da na faɗa miki."

"Shekararki goma sha biyu a lokacin. Ni ma da aka faɗa min haka ina shekara goma sha biyu, da abin da zan faɗa ke nan. Shigo, rana na dukanki."

Ta shigo. Uwar ta kama fuskarta da hannuwan nan da allura ta yi wa kanta, ta daɗe tana kallo, sannan suka rungume juna.

Ranar tunawa ta wannan shekara, babban kwamandan sansanin da kansa ya aiko mata da mota. Ya karanta takardar wanke ta a gaban jama'a, ya ba ta haƙuri da sunan rundunar, aka mayar mata da matsayinta na matar marigayi da duk abin da aka hana ta. Ya tambaye ta ko akwai abin da take so. Ta ce akwai. Sauran laimomi shidan nan, katin wasu mata uku ne abokan aikinta a jikinsu, su ma an kore su da sunan sakaci, biyu sun mutu da abin a ransu, ɗaya tana raye ba ta gani. A faɗi sunayensu a lasifikar nan, yadda aka faɗi nata. Kwamandan ya sa aka kawo sunayen ya karanta, mutane suka miƙe tsaye. Matar da ta tona ta a asibiti tana cikin taron, ta zo ta kama hannunta, sannan ta saki ta tafi.

Da jama'a suka watse, 'Yar Kyaftin ta kai uwarta layi na huɗu a jikin bangon. A karon farko Mai Laima ta ga sunan mijinta. Ta bi haruffan da yatsa tun daga farko har ƙarshe, ta yi addu'arta a hankali, sannan suka zauna a kan dakalin da ke gaban bangon.

"Mama," in ji budurwar, kalmar na yi mata nauyi a baki. "Kowa jarumi yake ce min. Kaka jarumi, malamai jarumi, takardu jarumi. Ni ban san mutumin ba. Yaya yake?"

Sai murmushi ya kufce wa uwar.

"Tsoron allura yake."

"Allura?"

"Allurar asibiti. Mutumin da ke ratsa wuta da jirgi. Ranar da aka zo yi wa 'yan sansani rigakafi, aka nemi Kyaftin sama da ƙasa ba a gan shi ba, ashe yana ɗakinmu na shanya, ya ɓuya a bayan laimomi, takalmansa kawai ake gani. Mutum huɗun jirginsa ne suka ɗauko shi cak, yana ce musu umarni ne su sauke shi. Ranar da aka kai ki taki allurar kuwa, ke ko uffan ba ki ce ba, shi aka yi wa fifita."

'Yar Kyaftin ta fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, kukan ya sake juyewa dariya. Ta gyara zama, ta ɗora kanta a kafaɗar uwarta.

"Sai me kuma?"

"Waƙa. Allah bai ba shi murya ba, bai kuma ba shi mai faɗa masa gaskiya ba..."

Mai gadi ya zo da makullai zai rufe ƙofa, ya hango su, ya tsaya. Shi ne wanda aka taɓa nuna wa fuskarta. Ya mayar da makullan aljihu, ya jawo kujerarsa ya zauna yana jira.